Jarkar Da Na Wanke Kafin Tafiyar Maraɗi

Tun da na dawo kuke damuna a guruf ɗinmu na 'yan aji. Fa'iza ta ce in turo hotuna, Khadija ta ce wai ko miji na samo a Nijar shi ya sa na yi shiru. Sau uku ina fara yi muku bayani da murya ina gogewa, don da na kai wani wuri sai muryar ta fara rawa. To ga shi na rubuta. Ku daure ku kai ƙarshe.

Kun san Yaya Maryam ta haihu a Maraɗi. Mama ƙafa ta hana ta tafiya mai nisa, sai aka ce Gwaggo Asabe, ƙanwar Abba, ita za ta kai gara kafin ranar suna, ni kuma in raka ta. Motar da za ta kai mu ita ce a-kori-kurar Abba mai ƙofa huɗu, mai shan gas, wadda ya saya sabuwa a wani kamfani a Abuja. Mai tuƙi kuwa Baba Ɗanladi ne, mutumin Gawu Babangida. Shekara goma sha bakwai yana tuƙa Abba. Shi ya kai ni makaranta ranar da na shiga aji ɗaya.

Motar dama tana da ciwonta. In ta zo hawa tudu sai ƙarfinta ya ragu kamar an riƙe ta ta baya, wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban direba. Kwana goma sha tara ta yi a kamfanin. Na taɓa bin Abba da Baba Ɗanladi can sau ɗaya. Wuri ne mai sanyi, ga kujeru masu laushi, har shayi suka kawo mana. Wani matashi mai nakatayi ya fito ya ce, "Alhaji, mun saka ta a kwamfuta, kwamfuta ba ta ga komai ba." Baba Ɗanladi ya ce a bar shi ya shiga ya gaya wa bakaniken yadda take yi a hanya, ko su fita tare ya ji da kunnensa. Suka ce ba a wuce gilashin nan. Daga ƙarshe suka canza wani abu wai shi sensa, suka ce ta warke, suka kuma ja wa Abba kunne: duk ranar da bakaniken gefen titi ya kwance mata ko noti ɗaya, garanti ya ɓaci.

Ana jibi tafiya aka dawo da motar.

Yanzu ga inda nawa ya shigo. Baba Ɗanladi ba ya shan gas a hanya. Gidan mai ɗaya ya yarda da shi a duk Suleja, don haka in tafiya ta yi nisa sai ya cika jarka biyu ya ɗaure a baya. Jarkokin nan sun yi baƙi ƙirin, ga maiƙo, ga wari. Ana gobe tafiya muka jera kayan gara a tsakar gida: buhun shinkafa, dubulan, alkaki, nakiya, man shanu, yajin jego, duk an rufe da sababbin ledoji. Mama ta kalli jarkokin ta ce, "Wannan ƙazantar za a jera da kayan surukai?" Magana kawai ta yi ta wuce. Ni ce na ɗauke su na kai bakin famfo. Na wanke bayansu tas, sai kuma na ce bari in gama aikin gaba ɗaya. Na zuba garin sabulu da ruwa a ciki na jijjiga, yadda muke yi wa jarkar manja. Ɗayar ta fita, na ɗauraye na kife. Ɗayar, mai shuɗiyar igiya a hannu, ta ƙi fita, sai na bar ruwan sabulun a ƙasanta ya jiƙa, na rufe, da niyyar in zubar da yamma. Mai lalle ta zo. Na manta.

Da asuba Baba Ɗanladi ya dawo daga gidan mai da jarkokin cike da gas, yana dariya. "Safiya, wa ya yi wa jarkokina wankan sallah?"

Na ce, "Ni ce, Baba."

Sai dariyar ta tsaya. "Baya kawai dai ko? Ba ki taɓa cikin ba?"

Yadda ya yi tambayar ne ya tsorata ni. Abba yana tsaye a bakin ƙofa yana jin mu. Na ce, "Baya kawai." A lokacin, wallahi, na manta da ruwan da na bari. Abin da na sani kawai shi ne na taɓa cikin, kuma na ce ban taɓa ba.

Mun bar unguwarmu Kwamba gari bai gama wayewa ba. A Diko muka tsaya Gwaggo ta sayi masa, ta yi faɗa da mai masar a kan ta hana ta ƙuli. Daga nan kowa ya yi tsit, kun san hanyar Kaduna. Gwaggo ta fito da carbi, Baba Ɗanladi ya kashe rediyo. Motar kuwa tafiya take sumul, har ya ce, "To, wataƙila yaran nan na Abuja sun iya wani abu." A Zariya muka yi sallar azahar da wuri muka ci shinkafa da wake.

A Funtuwa ya tsaya ya ƙara gas, don shi ba ya bari tanki ya sauka ƙasa da rabi. Ina zaune a baya ina kallonsa ta madubin gefe. Ya sa mazurari, ya ɗaga jarka, yana hira da wani mai rake. Da ya kife ta don na ƙarshen ya shiga, sai na ga shuɗiyar igiyar tana lilo. A nan na tuna.

Ya ɗaure jarkar, ya goge hannu, ya shigo, ya miƙo mini rake. Ya yi bisimilla. Tsakanin bisimillar da murɗa makullin akwai lokacin da zan ce, Baba, tsaya. Na buɗe baki ma. Sai na ce wa kaina ai ɗan ruwa ne, ai zai narke a cikin gas ɗin. Ya murɗa.

Ba mu yi minti ashirin ba ta fara tari. Ta fizga, ta saki, ta fizga, farin hayaƙi ya turnuƙe a baya, fitilu biyu suka kama. Bayan Bakori, a wani wuri da babu gida ko ɗaya, dawa ta rufe hagu da dama, ta mutu.

Baba Ɗanladi ya buɗe gaba. Gwaggo ta kira Abba, Abba ya ba mu lambar kamfanin, ni aka miƙa wa wayar don Turanci suke yi. Na danna ɗaya, na danna uku, aka sa mini kiɗa. Da ƙyar wani ya ɗauka. Na ce motar ta tsaya a daji. Ya ce kada a bar kowa ya taɓa ta, a kawo ta Abuja. Na ce muna kusa da Malumfashi. Ya ce to sai mu nemi motar ja, kuma ofis zai kira mu. Har yau ba su kira wannan kiran ba.

Ina riƙe da wayar muka ji ƙarar babura daga cikin dawar. Uku ne, kowanne da mutum biyu, fuska naɗe da rawani. Gwaggo ta ce, "Innalillahi," ta danna kaina ƙarƙashin kujera ta lulluɓe ni da mayafinta. Abin da nake ta maimaitawa a raina shi ne, ni na kawo mu nan, ni na kawo mu nan. Na ji Baba Ɗanladi ya rufe ƙofata ya tsaya a jikinta, ya yi musu sallama da ƙarfi.

Manoma ne, daga gaisuwar mutuwa suke. Ɗayansu ya ce, "Ku yi maza ku bar nan, wajen ba shi da kyau in la'asar ta yi." Ba zan ɓoye muku ba, sai da na canza zane a Malumfashi.

Akwai wani ɗan famfo a kan filtar gas. Baba Ɗanladi ya yi ta danna shi da tafin hannu har hannun ya kumbura, mutanen suka tura, ta tashi tana karkarwa. A haka muka lallaɓa, in ta mutu a danna a tura, har Katsina. Duk hanyar Gwaggo tsine wa kamfanin take. "Kwana goma sha tara! Shayi suka iya dafawa!" Ni kuma, Allah ya yafe mini, har daɗi na ji da laifin ya samu inda zai zauna.

Mun sauka gidan ƙawar Gwaggo, Hajiya Binta. Mutanen Katsina akwai gaisuwa. Sai da aka tambayi lafiyar kowa a gidanmu ɗaya bayan ɗaya, har da akuyar Mama, sannan aka kawo fura, sannan tuwon dawa miyar kuka da man shanu yana yawo a kai. Maƙwabta suka yi ta shigowa ganin baƙi. Mu a Kwamba mai haya zai yi shekara a ɗakin kusa da naku ba ku san sunansa ba. Hajiya Binta ta lura ba na ci, ta ce, "Tsoron hanya ne, 'yar nan, zai wuce." Na ce eh.

Washegari muka nufi Jibiya. Daga nan zuwa kan iyaka ban iya ƙirga igiyoyin da aka gitta a titi ba, kowace igiya da mai kakinta. A ɓangaren Nijar jandarma ne, dogaye, ba sa murmushi, sai dai ba sa ihu. Ɗaya ya karɓi katinmu na rigakafi, ya buɗe ledar dubulan ya tsaya yana kallo. Gwaggo ta ce, "Ɗana, gara ce, jikata aka haifa muku a Maraɗi." Ya ce, "To barka, Hajiya, ashe ku surukanmu ne." Ta cika masa hannu da alkaki. Aka ɗaga sanda, Baba Ɗanladi ya murɗa makulli, motar ta ƙi. Jandarma biyu suka rataya bindiga a baya suka tura mu cikin ƙasarsu, ɗayan yana tauna alkaki yana cewa, "Motar Najeriya, kyau kamar amarya, tafiya kamar tsohuwa." Kowa ya yi dariya ban da ni.

Maraɗi dai Hausa ce, amma sai kin kasa kunne. Lafiya lau su "lahiya lau" suke cewa, gas kuma "gazuwal". Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, da ɓawo mai tauri. Maza ke dafa shayi, a ɗan mitsitsin buta, zagaye uku, kuma ba a tashi sai an sha na ukun. Da rana fura ce abinci, ba wai abin sha ba. Surukan Yaya sun yaba gara ƙwarai, tsofaffi suka yi ta ɗaga dubulan suna guɗa. Jaririyar ta ci sunan Mama. Hotunan da kuke nema suna nan, amma a kowanne za ku ga fuskata kamar wadda aka yi wa rasuwa.

Kashegarin suna Abba ya ce garanti ko ba garanti ba, a nemi mai gyara, ba zai bar mu mu bi hanyar nan a haka ba. Mijin Yaya ya kai mu wurin wani dattijo, Malam Isuhu, mai gareji a ƙarƙashin bishiyar dalbejiya. Ni aka ce in bi su, in karanta musu littafin motar, in kuma riƙe waya Abba yana ji.

Malam Isuhu bai ko kalli littafin ba. Ya ce a tayar. Ya sa kunne, ya bi hayaƙin da ido, ya ce a kashe. Ya tambayi Baba Ɗanladi daga ina ta fara, me aka yi kafin ta fara. Sannan ya ɗauko gorar ruwa da babu komai a ciki, ya kwance wani ɗan abu a ƙasan filta, ya tara. Abin da ya zubo fari-fari ne kamar kunun gyaɗa. Ya ajiye gorar a kan bulo ya koma ya sha shayinsa. Da ya dawo abin ya rabu biyu, gas a sama, ruwa a ƙasa.

"Ga ciwonku nan," in ji shi. "Ruwa ne. Da an gani ba a tada ta ba, da juye tanki kawai za a yi. Yanzu ya riga ya bi ta cikin nozul, masu fesa wa inji gas."

Abba ya ce in kashe wayar, zai kira kamfanin. Minti goma ya sake kira, ya ce in sa yadda kowa zai ji. Ban taɓa jin muryarsa haka ba.

"Ɗanladi! Sun ce ruwa a gas ba ya cikin garanti. Sun ce sun saba gani, direbobi ke sayar da rabin jarka su cike da abin da suka samu. Ni za ka yi wa haka? Da ƙanwata da 'yata a cikin motar?"

Baba Ɗanladi ya ce, "Alhaji, inda na saba sha na sha."

"To aljanu ne suka zuba ruwan?"

A lokacin Malam Isuhu ya ɗauki gorar ya jijjiga, ya tsaya yana kallo. Kumfa ta taso ta ƙi kwanciya. Ya kai hanci. "Ikon Allah. Wannan ruwan kuwa har da ƙamshi, kamar na..."

Baba Ɗanladi ya karɓi gorar daga hannunsa. Shi ma ya shinshina. Ya juyo ya kalle ni, sau ɗaya, ba da fushi ba. Sannan ya tuntsurar da ita a cikin yashi ya take da takalmi.

"A juye tankin kawai, Malam," ya ce.

Wayar tana hannuna, Abba yana ta faɗa a ciki. Ba wanda ya rufe mini baki.

Malam Isuhu ya juye tanki, ya canza filta, ya ce za ta kai mu gida amma nozul biyu sun tafi. Kwana biyu muka yi a hanyar dawowa, ina zaune daidai bayan Baba Ɗanladi, ina kallon ƙeyarsa da furfurar da ke ƙasan hularsa. Bai canza mini ba ko kaɗan. In an tsaya zai ce, "Safiya, za ki sha ruwa?" Gwaggo ce ta daina yi masa magana. In tana son a tsaya sai ta ce da ni, "Gaya masa."

Mun iso bayan la'asar, mutanen layinmu na zaune a ƙofar masallaci. Abba bai bari an sauke kaya ba. A gaban kowa ya miƙa hannu ya ce a ba shi makullinsa, ya kuma faɗi dalili da babbar murya. Baba Ɗanladi ya ba shi da hannu biyu, ya ɗauki jakarsa, ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Alhaji." Ni na ɗauki ledar tsaraba na shige gida.

Kwana tara na yi da maganar a cikina. Motar ta koma kamfanin, suka sake ajiye ta, kullum "za mu kira ka". Na daina cin abinci sosai, Mama ta ɗauka tsoron baburan nan ne. Ranar na taran na hau keke napep daga kasuwa, wasu maza biyu a gaba suna hira. Ɗayan ya ce, "Ka ji direban Alhajin layin masallaci? Shekara da shekaru ashe gas yake sacewa." Ɗayan ya ce, "Ga shi kamar na Allah." Ban san lokacin da na ce mai keke ya tsaya ba. Da ƙafa na ƙarasa.

Mama na fara gaya wa. Ta dafe ƙirji ta ce, "Safiya, kin kashe mu." Ta ja ni har falon Abba. Na durƙusa na faɗi komai, har da Funtuwa, har da gorar. Na zaci zai mare ni, na ma so ya mare ni. Sai ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa ya yi ta kallonta.

"Ya sani?"

"Ya sani, Abba. Tun Maraɗi."

"Kika tsaya kina kallo na ci mutuncin dattijo a gaban masallaci."

Washegari a motar haya muka tafi Gawu Babangida, ni da Abba. Mun tarar da shi a bayan gida yana gyara kunyar doya. Matarsa ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa, ba ta kalli Abba ba. Abba ya yi magana mai tsawo, ya ba da haƙuri, ya fito da makullin ya ajiye a kan tabarma. Ni kuka ya hana ni haɗa kalma biyu.

Baba Ɗanladi ya ce, "Safiya, share hawayenki. Wankin jarka ba laifi ba ne, ba ki sani ba. Amma na yi ta jiranki. A gareji na ce yarinya ce, ta tsorata, bari mu hau hanya. A Katsina na ce bari mu kai Zariya. Har ƙofar gida ina sauraron bayana."

Ya juya wajen Abba. "Alhaji, kai kuma yaron da ya yi kwana goma sha tara bai gano ciwon motarka ba, shi ya gano ni ɓarawo ne a cikin minti goma, ta waya. Ka yarda."

Sannan ya dube mu, ni da Abba.

"Na yafe, duka biyunku. Abu ɗaya nake roƙo. Ɗana yana koyon walda a Suleja, ya daina zuwa aiki saboda abin da ake ce masa. Inda aka faɗa, a je a warware a can."

Ranar bayan sallar la'asar Abba ya tsaya a ƙofar masallaci kafin mutane su watse. Ina cikin soro ina ji. Ya ce, "Jama'a, abin da na faɗa a kan Malam Ɗanladi ƙarya ne. Bai taɓa ɗaukar mini ko allura ba. 'Yata Safiya ce ta zuba ruwan, ta kuma ɓoye." Ya ambaci sunana sau biyu. Ban ji haushi ba. Tun ranar dai ban iya bi ta gaban masallacin ba, zagayawa nake.

Ɗan Baba Ɗanladi ya koma aikinsa. Motar ta fito daga kamfani, tana fake a ƙofar gida an lulluɓe ta, Abba a motar haya yake zuwa Abuja, ya ƙi ɗaukar wani direba. Duk Juma'a yana kiran Gawu, ko Baba Ɗanladi zai dawo. Jiya ina kusa da ya kira, na ji amsar da kunnena.

"Alhaji, doya ba ta nuna ba tukuna. A gaida Safiya."